Daga Zongon Kumasi Zuwa Ƙauye: Yadda Unguwa Za Ta Tare Ƙanjamau da Ciwon Hanta Nau'in C

A shekarar 2015, likitocin asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi suka fi sani da Gee, tare da abokan aikinsu na Amurka, sun fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a kan masu ba da gudummawar jini. Abin da suke nema shi ne hanyar da ƙwayar ciwon hanta nau'in C ta bi ta shiga jikin waɗanda aka same su da ita. Binciken ya kai su tsakar gida: kaciyar gargajiya, haihuwa a gida, da tsagar gado a fuska ko a jiki. Sun kuma lura cewa cutar ta fi yawa a jikin waɗanda asalinsu arewacin Ghana ne.

Duk wanda ya tashi a Aboabo, Asawase, Yalwa ko Sabon Zongo ya san hannuwan da ke yin waɗannan ayyuka. Wanzami ne da zabirarsa, ungozoma ce da rezarta, mutanen da ake ganin girmansu, ake aika musu goro tun kafin ranar suna. Ya kuma san cewa Zongo ba ta taɓa rabuwa da ƙauye ba. Tun da kasuwar Salaga ta durƙushe bayan yaƙin basasar 1892 fataken goro suka yi ta gangarowa kudu, Kumasi ta zama masaukin baƙon arewa. Har yau motocin doya da masara daga Ejura, Atebubu da Techiman, da na shanu daga Bawku, suna sauke kaya da mutane. 'Yan mata kayayo daga yankin Walewale da Tamale suna zuwa dako a Kejetia, su koma gida da damina ko lokacin aure. Samari suna ratsawa zuwa gonakin koko da ramukan galamse na haƙar zinariya a Amansie da kewayen Obuasi. Cutar da ta zauna a Zongo za ta isa ƙauye, ilimin da Zongo ta samu shi ma zai isa can a cikin motar.

Wannan jagora an yi shi ne domin kwamitin masallaci, ƙungiyar mata, samarin bes masu shan ataya, da duk wanda ke son shirya aikin kariya a unguwarsu, ya kuma kai shi ƙauyen iyayensa.

Cututtukan biyu a taƙaice

An fara ganin ƙanjamau a Ghana a 1986. Ƙiyasin Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta ƙasar na 2023 ya nuna mutum sama da 330,000 na ɗauke da ƙwayar HIV, kusan 18,000 kuma suka kamu a wannan shekarar kaɗai, jihar Ashanti na bin bayan Greater Accra wajen yawa. Ƙwayar tana bin saduwar da babu kariya, tana bin jini, tana kuma wucewa daga uwa zuwa jariri a ciki, a wurin haihuwa ko a nono. Ba a samu maganin da ke fitar da ita gaba ɗaya ba, amma akwai wanda ke danne ta: ƙwaya ɗaya a rana ga yawancin manya, kyauta a asibitocin gwamnati. Tun 2016 ana ɗora mutum a kai da zarar an tabbatar, ba a jira sai ya kwanta. Wanda ya riƙe maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya shafa wa abokin kwanciyarsa.

Ciwon hanta nau'in C kuwa babbar hanyarsa jini ce. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke ɗauke da shi. Cikin mutum goma da suka kamu, kimanin uku jikinsu ke korar ƙwayar da kansa. Sauran tana zaune a hantarsu shekara ashirin ko fiye ba zazzaɓi ba ciwo. Ranar da ido ya yi rawaya aka ce shawara ce, ko ciki ya kumbura da ruwa, ko aka fara aman jini, sau da yawa hantar ta riga ta ƙeƙashe ko ciwon daji ya kama ta. Mutane da yawa suna haɗa shi da nau'in B, su ce ai an yi musu allura. Allurar riga-kafin ta B ce, wadda jariran Ghana ke samu tun 2002. Nau'in C ba shi da riga-kafi. Abin da yake da shi ya fi haka daɗin ji: ƙwayoyin sha na mako 12 ga yawancin mutane, masu warkar da fiye da 95 cikin 100.

Akwai abu ɗaya da ya kamata kowane mai riƙe aska ya sani. Wani likita ɗan asalin Ghana, Elijah Paintsil na jami'ar Yale, ya nuna tare da abokan aikinsa a 2014 cewa ƙwayar C tana iya rayuwa har mako shida a cikin ɗigon jinin da ya bushe a kan abu. Askar da ta kwana a zabira, ko da ido bai ga komai a kanta ba, tana iya ɗauke da cutar wanda aka yi wa aiki makon jiya.

Duka biyun ba sa bin musabaha, cin tuwo a kwano ɗaya, buta, sahun sallah, bayan gida ko cizon sauro. Wannan jerin shi ake fara karanta wa jama'a, domin tsoron banza shi ke sa a guji gwaji.

Mataki na farko: sallama da zaga unguwa

Aikin da bai bi ta ƙofa ba a Zongo ba ya daɗewa. Masu shirin su fara da fadar Sarkin Zongo da sarakunan ƙabilu, na Mosi, Dagomba, Wangara, Zabarmawa, Fulani da sauransu, sannan limamai da magajiyoyi. A mako ɗaya su je ofishin lafiya na ƙaramar hukuma. Ga mutanen Aboabo, Asawase da Sawaba, na Asokore Mampong ne. Daga can ake samun nas mai izinin gwaji, kayan gwajin HIV, akwatunan zuba allura, da sunan asibitin da zai karɓi waɗanda aka samu.

Kwamitin kada ya wuce mutum goma, kuma kada ya zama na masu manyan riguna kaɗai. A sa wanzami, ungozoma, mai kemis, shugabar kayayo, wakilin direbobin tasha, malamar makarantar matan aure, saurayi ɗaya daga bes, da nas. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: waɗannan su ne za su iya zaga unguwa su rubuta duk inda ake fasa fata. Shagunan aski nawa ne? Masu yankan farce da ke yawo a kasuwa da almakashi fa? Wa ke yin ƙaho, wa ke huda kunne, wa ke yi wa mutane allura a ɗaki? Ina 'yan dako ke kwana? Wannan takarda ita ce taswirar aikin, kuma ba a kai ta ga kowa domin a kama wani.

Mataki na biyu: zabirar wanzami

Nan ne zuciyar aikin. Wanzami ya gaji sana'arsa, kuma wanzaman Hausawa suna da hannu babba wajen yaɗuwar kaciya a ƙasar Asante. Kaciya kanta kariya ce: manyan gwaje-gwaje uku a Afirka ta Kudu, Kenya da Uganda tsakanin 2005 da 2007 sun nuna tana rage kamuwar namiji da HIV daga mace da kimanin 60 cikin 100. Gyaran da ake nema a kan ƙarfen yake. Saboda haka saurayin da aka aika ya durƙusa ya gaisa, ya ce: "Baba, kai ka yi wa iyayenmu, ba mu zo koya maka aiki ba. Wata cuta ce da ke laɓewa a busasshen jini muka zo mu yi shawara da kai a kanta." Wanzamin da aka girmama shi zai tara 'yan uwansa.

Ƙa'idar farko ita ce reza ɗaya, mutum ɗaya. A koma ga askar da ake sa wa sabuwar reza, a buɗe takardar a gaban mai aikin ko uban yaro, a jefar da ita bayan an gama. Idan yara biyar za a yi wa kaciya da safe ɗaya, reza biyar ke nan da safar hannu biyar, da wanke hannu da sabulu tsakanin kowane yaro. Kuɗin rezar a ɗora shi a kan ladan aiki, ko iyaye su zo da tasu a rufe.

Ƙarfen da ba a jefarwa, kamar almakashi, abin kama fata da abin yankan farce, yana da matakai uku. A wanke shi da ruwa da sabulu da buroshi har jini da tsatsa su fita, domin tafasa ba ta aiki a kan datti. A sa shi a tukunya mai murfi, ruwa ya shanye shi, a ƙirga minti 20 daga lokacin da ya fara tafasa sosai. A tsame shi, a bar shi ya bushe a kan tsabtataccen faranti, a rufe. Goga auduga da sifirit, ko wuce ƙarfe ta kan wutar ashana, ba su isa ba. Wannan ke sa kowane mai sana'a ya mallaki saiti biyu ko uku: ɗaya na aiki, ɗaya na tukunya.

Jinin da ya zuba a benci, tabarmar roba ko kwano ana kashe shi da ruwan bilic. A duba jikin kwalbar: idan ƙarfinsa 3.5 cikin 100 ne, murfi ɗaya na bilic da murfi shida na ruwa. Idan 5 ne, ɗaya da tara. A bar shi minti goma a kan wurin kafin a goge, a kuma haɗa sabo kowace safiya, domin na jiya ya rasa ƙarfi.

Ƙahon dabba yana da ramuka da ba sa wankuwa, kuma ana zuƙarsa da baki. Masu ƙaho su koma ga kofunan roba masu famfo, kowane mutum da nasa saitin, da sabuwar reza ta tsaga. A shagon aski na zamani, a kakkaɓe injin da buroshi, a tsaftace bakinsa da maganin kashe ƙwayoyi kafin kan gaba, a canza rezar gyaran fuska, a daina shafa dunƙulen alam ɗaya a kan kowane rauni. Wanda ke da hali ya sayi injinsa ya riƙa zuwa da shi.

Tsohuwar reza da allura ba sa shiga bola, inda yara ke tone-tone. A zuba su cikin akwatin kwali mai launin rawaya na asibiti, ko galan mai kauri da ƙaramin baki. Idan ya kai kashi uku cikin huɗu a toshe, wani ɗan kwamiti ya kai asibiti a ƙone.

Akwai ayyukan da gyaran ƙarfe ba ya wanke su. Cire beli da tsagar jariri ba su da amfanin da likitoci suka tabbatar, ga haɗarin zubar jini. Kaciyar mata kuwa laifi ce a dokar Ghana tun 1994. Liman da sarkin wanzamai su suka fi dacewa su faɗi wannan da bakinsu.

Mataki na uku: allura da ɗakin haihuwa

Ƙasar Masar ta koya wa duniya abin da allura ɗaya ke iya yi. Daga shekarun 1950 zuwa farkon 1980 an bi ƙauyukan bakin kogin Nilu ana yi wa jama'a allurar maganin tsargiya da sirinjin gilashi da ba a tafasa yadda ya kamata ba. Ƙarshenta kusan mutum ɗaya cikin goma na manyan ƙasar ya wayi gari da ciwon hanta nau'in C. Niyyar alheri ce, ƙarfen ne ya ci amana.

A Zongo da ƙauye har yau akwai masu ganin magani bai yi ba sai an soka. Kwamiti ya yaɗa abu uku. Yawancin cututtuka ƙwayar sha tana yi musu daidai da allura. Lasisin mai sayar da magani a kanti bai haɗa da yin allura ko ƙarin ruwa ba. Idan kuma allurar ta zama dole, a ga an yage ledar sirinji a gaban ido. Ƙarin jini a asibiti kaɗai ake yi, inda ake tace kowace leda daga HIV, ciwon hanta B da C da tunjere.

Samarin da suka faɗa wa allurar ƙwaya suna cikin haɗari mafi girma, domin sirinji ɗaya ke zagaya su. Korarsu daga unguwa tana tura su inda ba mai ganinsu. Dokar hana miyagun ƙwayoyi ta Ghana ta 2020 ta amince a ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, ta buɗe ƙofar rage illa. Wanda suka yarda da shi, sau da yawa tsohon abokinsu da ya daina, shi zai kai musu saƙon kada a raba sirinji, ya rako su gwaji.

Mace mai ciki kuwa, awo da haihuwa kyauta ne a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa tun 2008, kuma ana gwajin HIV a wurin awo. Idan ba a yi komai ba, tsakanin 15 da 45 cikin 100 na jariran uwaye masu ƙwayar suna kamuwa. Da magani adadin yana sauka ƙasa da 5. Ungozoma ta zama mai rakiya: ita ke fara sanin wadda ta yi ɓatan wata, ita za ta ce mata, "Tashi mu je awo, ni zan kai ki." Idan naƙuda ta zo a gida da dare, a yanke cibiya da sabuwar reza, a ɗaure da tsabtataccen zare, ungozoma ta sa safar hannu, gari na wayewa a kai uwa da jariri asibiti. Jaririn uwa mai HIV yana buƙatar maganinsa na ruwa tun sa'o'in farko, da gwaji a makonnin farko.

Mataki na huɗu: maganar aure

Gida mai mata biyu ko uku, bazawarar da za ta sake aure, direban da ke kwana a hanya: ƙwaya ɗaya tana iya zagaya mutum biyar kafin kowa ya yi tari. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, wadda ta haɗa da HIV da ciwon hanta B da C. Limaman Zongo suna iya ɗaukar amfanin abin ba tare da jiran doka ba, su shawarci duk masu neman aure, na fari da na ƙari, su je gwaji tare. Sakamakon na su biyu ne. Ba a karanta shi a wurin ɗaurin aure, ba a miƙa wa waliyyi.

Samun ƙwayar ba ya rufe ƙofar aure. Mai ciwon hanta C ya sha maganinsa ya warke. Mai HIV ya riƙe magani har ƙwayar ta lafa, kafin nan a yi amfani da kwaroron roba, akwai kuma ƙwayar kariya da wanda ba shi da cutar ke sha kullum.

Dole kowace shugabar kayayo ta san adadi ɗaya: sa'a 72. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe a inda take kwana a bakin shago, ko wanzamin da ya yanke da rezar da ta taɓa jinin wani, idan suka isa asibiti kafin cikar kwana uku ana ba su maganin kwana 28 da ke hana HIV zama a jiki, kuma gwargwadon saurin zuwa gwargwadon amfaninsa. A fara da asibiti, sannan a je sashen 'yan sanda na DOVVSU.

Mataki na biyar: ranar gwaji

Kafin a sa rana a amsa tambaya ɗaya: wanda aka samu da cutar, ina za a kai shi gobe? Idan babu amsa, a ɗage. A yi magana da asibitin Manhyia, Tafo, Suntreso ko Komfo Anokye, a san ranar asibitin hanta da ta masu karɓar maganin HIV, a karɓi lambar nas ɗin da za a kira.

A kira taron da sunan duba lafiya: awon hawan jini, sukari, ciwon hanta da HIV a rumfa ɗaya, yadda ba wanda zai san abin da ya kawo wani. A sanar a huɗubar Juma'a, a makarantu, da gidajen rediyo masu shiri da Hausa irin su Zuria FM. Mata da nasu ɓangaren da mace nas. Kayayo da 'yan dako ba za su bar kasuwa da rana ba, nasu sai da yamma ko Lahadi, kusa da masaukinsu, da mai fassara Dagbani da Mampruli. Liman da sarki su fara miƙa yatsa a gaban jama'a. Wannan ya fi dogon jawabi.

Ana huda yatsa, sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20, a faɗa wa mutum shi kaɗai a bayan labule. Ba a tilasta wa kowa. Wanda kunya ta hana shi shiga layi a ba shi abin gwada kai, wanda Ghana ta ƙaddamar a faɗin ƙasa a 2023: ana shafa shi a dasashi, a jira minti 20. A bayyana masa cewa wannan ba ya nufin yawu na yaɗa cutar, kuma idan layi biyu suka fito sai asibiti ta tabbatar. Wanda ya shiga haɗari a 'yan makonnin nan ya sake gwaji bayan wata uku, domin sabon kamu yana iya ɓuya.

Mataki na shida: bayan sakamako

A nan yawancin shirye-shirye ke mutuwa, a nan kuma kwamiti ke nuna amfaninsa. Gwajin yatsa na ciwon hanta C kamar sawu ne a bakin gona: yana nuna dabba ta wuce, ba ya nuna tana ciki har yanzu. Sai an ɗebi jini an auna ƙwayar kanta kafin a san ko mutum na cikin waɗanda jikinsu ya kore ta. Wannan gwaji na biyu shi ne mai tsada, shi ke mayar da talaka gida. Kwamiti ya buɗe masa asusu tun farko, daga adashi, sadakar Juma'a da gudummawar 'yan kasuwa, har da kuɗin mota.

Maganin kansa ya samu sauƙi. A 2023 Hukumar Lafiya ta Ghana ta fara shirin STOP Hep C Ghana, bayan Masar ta yi alkawarin maganin mutum 50,000, ana ba da shi kyauta a zaɓaɓɓun asibitoci. Likita zai duba lafiyar hanta, ya gwada nau'in B, domin maganin C yana iya tayar da B da ke kwance. Mai shan magani kada ya tsallake rana, ya bar giya, akpeteshie da bitas, ya ajiye jiƙe-jiƙen shawara, ya faɗa wa likita duk abin da yake sha. Mako 12 bayan ƙwayar ƙarshe a sake auna jini. Shi ne shaidar warkewa. Wanda ya warke yana iya sake kamuwa, don haka ƙa'idar reza tana nan a kansa.

Mai HIV a raka shi asibiti a ranar ko washegari. A asibitoci da yawa akwai masu sa kai da ake kira Models of Hope, mutanen da su kansu suke shan maganin shekara da shekaru, kuma maganarsu ta fi shiga kunnen sabon mai ɗauke da ƙwayar. Bayan wata shida a auna yawanta a jini. Mai niyyar tafiya gida noma ko fatauci ya nemi maganin watanni da takardar canjin asibiti kafin ya hau mota. Mai azumi ya tambayi nas yadda zai mayar da lokacin shansa zuwa dare.

Mataki na bakwai: riƙe sirri

A unguwar da gida ɗaya ke ɗauke da iyali goma, magana ɗaya ta isa ta raba mace da mijinta ko ta kashe wa mai waina kasuwa. Dokar Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta 2016 ta haramta fallasa mai ɗauke da HIV da nuna masa wariya a aiki, makaranta ko haya. Littafin sunaye yana hannun nas kaɗai, kwamiti adadi yake gani. Kowane ɗan sa kai ya yi alkawari a gaban liman, wanda ya saɓa a sallame shi. Matar da ke tsoron faɗa wa miji, nas ta gayyato su gwaji tare. Masu wankan gawa su sa safar hannu ga kowace gawa, yadda safar ba za ta zama sanarwa ba.

Mataki na takwas: kai aikin ƙauye

Ghana tana da tsarin da aka gina domin wannan. Gwajin da aka fara a Navrongo a 1994 ya nuna cewa idan nas ta zauna a cikin ƙauye, tana bin gida-gida tare da 'yan sa kai da yardar sarki, rayukan yara suna tsira. Daga 1999 ya zama tsarin ƙasa mai suna CHPS. Ƙungiyar 'yan asalin wani gari da ke zaune a Zongo ta nemi nas ɗin CHPS ta garinsu, ta ji abin da ta rasa: kayan gwaji, man babur, ko kuɗin kai jini asibitin gunduma.

Masar ta gwada irin wannan a ƙauyen Al-Othmanya daga 2015, ƙarƙashin Farfesa Gamal Shiha. An horar da 'yan garin suka bi gidaje da wayar da kai, aka tara gudummawa, aka gwada mutum sama da 4,000, aka yi wa kimanin 300 magani, kusan dukkansu suka warke. Daga baya aka faɗaɗa zuwa ƙauyuka 73. Ƙasar ta gwada mutum sama da miliyan 60, kuma a Oktoban 2023 ta zama ta farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba matsayin zinariya a kan hanyar kawar da cutar.

A ƙauye a zaɓi ranar kasuwa ko bayan girbi, kada a sa taro a tsakiyar shuka. A tara wanzamai da ungozomomin yankin a koya musu matakan nan da hannu, da tukunya da reza a gabansu, kuma wanzamin Zongo ne zai koyar. Kayayon da ke komawa gida a ba ta katan ɗin reza da safar hannu ta kai wa ungozomar garinsu. Direbobin Yeji, Salaga da Bawku su riƙa ɗaukar saƙon kaya zuwa wurin nas. A aika gajerun saƙonnin murya ta WhatsApp da Hausa, Dagbani, Kusaal da Fulfulde, kada a manta da rugagen Fulani da bukkokin masu aikin koko, waɗanda ba kasafai ake kai musu komai ba.

Mataki na tara: lissafi

Duk wata uku kwamiti ya zauna da nas a duba adadi biyar: masu aska nawa suka koma sabuwar reza, galan nawa na tsoffin reza aka kai asibiti, mutum nawa aka gwada, nawa daga cikin waɗanda aka samu suka fara magani, nawa suka kai gwajin ƙarshe. Idan da yawa daga cikin waɗanda aka samu ba su fara magani ba, a dakatar da sabon gwaji, nas ta bi waɗanda suka ɓace ta ji ko kuɗin mota ne, ko tsoro, ko tafiya. A karanta adadin a masallaci da taron mata ba tare da suna ba, a faɗi abin da ya shiga asusu da abin da ya fita. Manyan taruka biyu na shekara a ɗora su a kan 28 ga Yuli, ranar ciwon hanta ta duniya, da 1 ga Disamba, ranar ƙanjamau, lokacin da ofishin lafiya da ƙungiyoyi irin su Hepatitis Alliance of Ghana suka fi fitowa da ma'aikata da kayan gwaji. A kai musu takardar neman taimako wata biyu kafin ranar.